DARASIN KIWON LAFIYA: MAI JEGO, KADA KI BAR LIKITA SAI KIN KOYI BA DA NONO

 Darasinmu na wannan karo a kan nonon uwa yake. Mun san wani zai yi dariya ya ce: "Yau kuma ba da nono za a koya ma mata? Wa ya koya ma akuya?" Gaskiya ne, jinjiri da tsotsonshi yake zuwa duniya. Amma yadda ake riƙe shi, da lokacin da ake fara ba shi, da abin da bai kamata a ɗura mishi ba, duk koyonsu ake yi. In an koya daidai, yaro ya yi ɓul-ɓul. In an koya a karkace, uwa ta sha ciwon kan nono, yaro ya sha zawo.

Maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Kai ne mai neman amalanke ko moto ranar naƙuda. Kai ne mai buɗe rumbu. Uwarka ce take raka matarka likita, kuma in ka yi mata bayani cikin ladabi za ta saurare ka. Saboda haka a karanta wannan darasi a santar, a koma gida a sake karanta ma tsofaffi.

KWANA GUDA A ƊAKIN HAIFUWA

Da can mace gida take haifuwa, gaban ungozoma. Yanzu mata da yawa suna zuwa likita. In haifuwa ta zo da gardama, a wuce da mace babbar likita, Agye ko Tasawa, ko Gidan Rumji ga mutanen yamma, ko kuma gidan kula da uwa da yaro na Maraɗi. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A 2024 ta ƙara da cewa haifuwa ma kyauta ce a likitar gwamnati.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta ce macen da ta haifu a likita ta zauna aƙalla awa 24 kafin a sallame ta. Mu kuwa gaggawa gare mu. Da an yanke cibi, ƴan rakiya sun fara naɗe tabarma. An baro yara gida, an baro daka, ga ƴan barka suna jira. To, a yi haƙuri. Cikin awa 24 ɗin nan ne jini ya fi ɓalle ma mace. Cikinsu ne kuma sajfam, wato ungozomar likita, take zama da mai jego ta nuna mata yadda ake ba da nono.

Wannan aikinta ne, ba alfarma ba ce. Tun 1989 OMS da Unisef suka tsara matakai 10 da ya kamata kowane ɗakin haifuwa ya bi. A 1991 suka yi kira ga gidajen likita na duniya su riƙe su, a 2018 aka sake gyara su. Cikin matakan akwai koya ma uwa shayarwa, da barin uwa da ɗanta wuri guda dare da rana. In aiki ya yi ma sajfam yawa ta manta, ke ki tambaye ta.

Wadda ta fi buƙatar wannan karatu ita ce mai haifuwar fari. Yarinya ce, ga gajiya, ga kunyar ɗan fari. Ba ta son ta ɗauke shi gaban uwar miji, balle ta sa mishi nono mutane suna kallo. Kunya ado ce, mun yarda. Amma jinjiri bai san kunya ba, yunwa ya sani. Ƴan rakiya su fita waje su ba ta wuri, ko a ja labule.

AWA TA FARKO

Da jinjiri ya faɗo, sajfam za ta goge shi da tsumma mai tsabta. Sai ta ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, ta lulluɓe su da zane, a sa mishi hula. A bar su haka har awa guda ko fiye. Awo da sa riga su jira. Wanka ma ya jira har gobe, don jinjiri sabon haifuwa sanyi yana saurin kama shi, ko da bazara ce. Farin maiƙon nan da yake jikinshi ba datti ba ne, kariya ce ga fatarshi.

In an bar shi a ƙirji, za ku ga abin mamaki. Zai huta kaɗan, ya buɗe ido, ya fara motsa baki yana neman kan nono da kanshi. A lokacin nan ne ya fi zama a farke. In aka bari awa ta farko ta wuce, barci mai nauyi zai ɗauke shi, sa'an nan kamun nono ya yi wuya.

Uwa ma tana da riba. Tsotson jinjiri yana sa mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fita, jini ya rage zuba. Shi ya sa mai jego take jin mara tana murɗa mata in tana ba da nono a kwanakin farko. Ba ciwo ba ne, mahaifa ce take komawa wurinta.

An yi wani bincike a ƙasar Gana, a yankin Kintampo, a kan jinjirai kusan 11.000, aka fitar da shi a 2006. Masu binciken suka yi lissafi, suka ce cikin jinjirai 100 da suke mutuwa a watan farko, da an tsira da 22 in da kowace uwa ta fara ba da nono cikin awa ta farko. Abu ne da ba a saye da ko dala.

DAKASHI

Nonon farko mai kauri ne, ga shi rawaya-rawaya, yana danƙo. Shi ne dakashi. A garuruwanmu da yawa ana cewa ruɓaɓɓen nono ne, sai an wanke ƙirji an tatse shi an zubar. Ana cewa a jira kwana 2 ko 3 har farin nono ya zo. Kafin nan a ba jinjiri ruwan ɗumi, ko ruwan sukari, ko nonon akuya, ko bauri.

A ce ga wata yarinya ta haifu da asuba. Uwar mijinta ta kwance bakin zane, ta fiddo ƴar kwalba da cokali. Sajfam ta gani, ta matso ta ce:

"Inna, sannu da ƙoƙari. Me za a ba baƙon namu?"

"Ɗan jiƙo ne, ɗiyata, ya wanke mishi ciki. Nonon bai zo ba tukuna, wanda ke akwai kuwa mai dauɗa ne."

"Inna, ku da kuke kiwo, in tunkiya ta haifu, kuna tatse na farko ku zubar?"

"Wa zai yi haka? Ɗan da bai sha na farko ba ai ba ya yin ƙwari."

"To, Inna, jikanki ma haka ne."

Makiyayi ya daɗe da sanin wannan. Dakashi shi ne rigakafin farko na jinjiri. Duk cututtukan da jikin uwa ya taɓa yaƙa, ya ajiye makamansu, kuma yana zuba su cikin dakashi. In jinjiri ya sha, makaman suna shafe hanjinshi, su tare ƙwayoyin cuta. Dakashi yana da bitamin A mai kare ido. Wanke cikin da Inna take so kuma, dakashi ne yake yin shi: yana tura baƙin kashin nan na farko ya fita da wuri, wannan kuwa yana rage shawara, wato rawayar ido da jiki.

Za ku ce ai ɗan kaɗan ne, ɗigo-ɗigo yake fita. Haka ne. Amma cikin jinjiri ma ɗan kaɗan ne. Ran da aka haife shi, cikinshi bai fi ɗan aduwa ba, cokalin shayi guda ya cika shi. A kwana na 3 ya kai kamar goro. Bayan kwana 10 ya kai kamar ƙwan kaza. Allah ya auna abincin daidai da ƙwaryar. In kika cika ɗan aduwar nan da ruwan sukari, ina wurin dakashi? Jinjiri ya ƙoshi da abin da ba abinci ba, ya ƙi tsotso, farin nono kuma ya yi jinkirin zuwa, don tsotso ne yake kiran shi.

Kiran salla a kunnen jinjiri da addu'ar malamai, babu mai hana su, ba ciki suke shiga ba. In dangi sun yi rubutu, uwa ce ta dace ta sha, da ruwa mai tsabta. Zuma kuwa kada a lasa ma yaro sai ya cika shekara guda. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda babba ba ya jin ta, amma tana shanye jikin jinjiri.

RIƘO DA KAMU

Nan ne sajfam za ta daɗe tare da ke. Ki zauna sosai, ki jingina bayanki, ko ki kwanta a gefe in zama yana yi miki wuya. Ki juyo da jinjiri gaba ɗaya ya fuskance ki, cikinshi ya taɓa cikinki. Kanshi da gangar jikinshi su miƙe a layi guda. Gwada ki sha ruwa wuyanki a karkace, ki ji in ya haɗiyu. Ki tallabe shi duka, har ɗuwawu, ba kai kaɗai ba. Hancinshi ya yi daidai da kan nono.

Ki taɓa leɓenshi na sama da kan nono. Ki jira. In ya wage baki kamar mai hamma, sai ki jawo shi da sauri zuwa ga nono. Yaro ake kawowa wurin nono, ba uwa ce take duƙawa ta kai mishi ba. Kada ki matse nono tsakanin yatsu 2 kamar almakashi. Ki sa yatsu 4 a ƙasa, babban yatsa a sama, nesa da baki.

Yaya za ki gane ya kama daidai? Bakinshi a wage yake. Leɓenshi na ƙasa ya juyo waje. Haɓarshi tana taɓa nono. Baƙin da ya kewaye kan nono, an fi ganin shi ta saman bakin yaro, na ƙasa ya shige ciki. Kumatunshi a cike, yana ja a hankali yana tsayawa, kina jin haɗiya. Kuma ke ba ki jin zafi.

In kan nono kaɗai ya cafka, zai yi ta tsotsa ba ya samun kome, ke kuma kan nono ya tsage har ya yi jini. Yawancin matan da suke cewa ba su da nono, daga nan abin ya faro. In kin ji zafi, kada ki daure, kada kuma ki fizge. Sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinshi, ya saki, ki sake gwadawa. Ko sau 10 ne, a yi gaban sajfam. In kan nono ya riga ya tsage, ki shafa mishi ɗigon nononki bayan yaro ya gama, ki bar shi ya sha iska. Ba toka, ba sabulu, ba man shanu.

Ba a jiran kuka. Kuka alama ce ta ƙarshe. In ya fara juya kai, yana lasar baki, yana kai hannu baki, yunwa ce. Ki ba shi dare da rana, sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Ki bar shi ya gama da nono guda kafin ki juya shi ga ɗayan. Na farkon fita tsinkakke ne, yana kashe ƙishirwa. Na ƙarshe shi ne mai maiƙo, shi yake sa ƙiba. Mai saurin juya yaro, tsararo kaɗai take ba shi.

ZANCEN RUWA

Ga inda gardama take. Tsofaffi da yawa sun yarda da dakashi yanzu. Amma ka ce kada a ba jinjiri ruwa har wata 6, sai a ce maka: "Kai, ka ji tsoron Allah! Cikin zafin nan?" Ba mu ga laifinsu ba. A watan 4 da na 5 zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu. Baƙo ma ruwa ake fara ba shi. Hana ruwa a wurinmu rashin imani ne.

To, ku saurara. Ba hana jinjiri ruwa ake yi ba. Ruwanshi yana cikin nono. In aka kasa nonon uwa kashi 100, kusan 88 ruwa ne. Ruwa ne da jikin uwa ya tace, babu laka, babu ƙwayar cuta, bai kwana a randa ba, ƙuda bai sauka a kai ba. An gwada a ƙasashe masu zafi kamar Indiya: jinjiran da suke shan nono zalla, ko da zafi ya tsananta, jikinsu bai rasa ruwa ba. In zafi ya yi yawa, yaro zai riƙa neman nono a kai a kai. A ba shi. Moɗar ruwan kuma a miƙa ma uwa, ita ce mai buƙata.

Yanzu mu bi ruwan da ake ba jinjiri mu gani. An jawo shi daga rijiya da gugar da ta kwanta a ƙasa inda dabbobi suke tsayawa. An zuba a bido, an juye a randa. Kowa ya sa moɗa, yara sun sa hannu. Da damina ma wani na tabki ne. Babba ya saba, cikinshi ya yi ƙwari. Jinjiri ɗan kwana 7 fa? Sai zawo. Zawo ya sa ya rame. Ya rame ya kasa tsotso da ƙarfi. Nono ya ragu. A ce nonon uwar ba shi da kyau, a ƙara mishi fura da kunu, zawo ya ƙaru. Haka ake tafiya har a kai ga tamowa. Waɗanda suka yi wayo a 2005 sun tuna yadda gidajen jinyar tamowa suka cika da dubban yara a jahar Maraɗi. Rashin hatsi ya taimaka a shekarar. Amma ko a shekarar da rumbu ya cika, ana kai yara, kuma da yawansu zawo ne ya fara kayar da su.

Ga lissafin ƙasarmu. Binciken da gwamnati ta yi gida gida ya nuna cewa a 1998, cikin jinjirai 100 ƴan ƙasa da wata 6, guda 1 kaɗai yake shan nono zalla. A 2006 sun kai 14. A 2012 sun kai 23. An ci gaba, amma dubi sauran. Ba don mata sun ƙi shayarwa ba ne. Macen Nijar tana shayarwa kusan kowace, har wata 20 ko fiye. Ruwan nan ne yake ɓata lissafi. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Shi ya sa a watan 11 na 2019, a birnin Abijan, Unisef da OMS suka buɗe wani kira ga ƙasashen Afirka ta yamma da ta tsakiya, cewa a ba jinjiri nono kaɗai, ban da ruwa, har wata 6.

Abin da aka yarda ya shiga bakin jinjiri ban da nono shi ne wanda likita ya ba da: ɗigon rigakafi, ko magani, ko ruwan gishiri da sukari na takarda in ya kamu da zawo. A kula kuma da lokacin wanka. Wasu tsofaffi suna ɗura ma jinjiri ruwan wanka da tafin hannu. Shi ma ruwa ne, kuma ya fi na randa dauɗa.

"NONONA BAI ISA BA"

Farin nono yana zuwa a kwana na 2 zuwa na 4. Ƙirji ya yi nauyi, wani lokaci ya yi tauri kamar dutse, yaro ya kasa kamawa. Kada a daina ba shi. A ɗora tsumma mai ɗumi, a tatse kaɗan da hannu har bakin ya yi laushi, a sa yaro. Ki roƙi sajfam ta koya miki tatsa da hannu kafin ki tafi, za ta yi miki amfani. In gefe guda ya yi ja, yana zafi, ga masassara, a tafi likita ran nan. Yaro kuma ya ci gaba da sha, nonon ba zai cuce shi ba.

Nono kamar rijiya yake. Rijiyar da ake ja kullum ita take kawo ruwa. In kina son ki san ko yaro yana ƙoshi, kada ki dubi girman ƙirji, ki dubi tsumma. Daga kwana na 5, in yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, kashinshi ya juya daga baƙi zuwa rawaya, to yana samu. Kowane jinjiri yana ɗan raguwa a kwanakin farko, ya maido nauyinshi kafin sati 2. Sikelin awo ne zai faɗi gaskiya.

Akwai masu cewa nonon wance yana da ƙaiƙai, ko ya yi zafi, har a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa a gani ko za ta mutu. Tururuwa ko a nonon saniya ta faɗa tana iya nutsewa. Wannan gwaji ya raba yara da yawa da nonon uwayensu a banza. In yaro ba ya ƙaruwa, a kai uwa da ɗa likita a duba su.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayarwa ta ƙara ci sau guda a kan yadda ta saba. Maigida, nan ne aikinka. Ragon suna na yini guda ne, shayarwa ta shekara 2 ce. Fura da nono, wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, zogale, ƙwai, hanta ran kasuwa. A rage mata daka da ɗaukar ruwa da itace. Ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini in an ba ta. Kunun jego yana da kyau, amma a sassauta kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura mata masu jego da yawa suna zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki in ta kwanta, a kai ta likita da gaggawa.

BAKWAINI DA WADDA AKA YI MA AIKI

Wadda aka fiddo ma ɗa ta hanyar aiki tana shayarwa kamar kowa. Da ta farfaɗo a kawo mata ɗanta, a taimaka mata ta kwanta a gefe don kada ya danne ɗinki. Tagwaye ma nono 2 sun ishe su.

Bakwaini, ko ɗan da bai kai kilo 2 da rabi ba, shi ya fi kowa buƙatar nonon uwa. A ɗaure shi a ƙirjin uwa tsakanin nonuwa, fata da fata, dare da rana. Wani likita ne ya fara wannan dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, da kwalaben ɗumama jinjirai suka kasa musu. Mu da muka iya goyo, wannan goyon gaba ne kawai. Uba ma yana iya karɓa in uwa za ta yi wanka. In yaro bai iya tsotso ba, a tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, a kafa a leɓenshi ya riƙa lasa, kada a ɗura. Nonon da aka tatsa a rufe shi a inuwa. A zafin ƙasarmu kada ya wuce awa 4.

KAFIN A NAƊE TABARMA

Ki tabbata an yi ma yaro lambar hannu ta tarin fuka, an ɗiga mishi maganin shan inna, an rubuta a karne. Ki tambayi ranar komawa. Ana son a sake ganin uwa da ɗa a kwana na 3, da tsakanin kwana 7 da 14, da kuma sati 6. Kwana 40 na wankan jego ba su hana zuwa likita ba.

Ba a jiran ranar komawa in yaro ya ƙi nono sam, ko jikinshi ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙari yana shiga, ko yana zabura, ko cibi ya yi ja yana ruwa, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. Ko tsakar dare ne a ɗaura ma jaki amalanke.

In ya cika wata 6 a fara mishi kunu mai kauri da gujiya ko wake, a ba shi ruwa mai tsabta, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Malamai sun san shekara 2 ɗin nan, suna cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. In ciki ya shiga kafin nan, kada a yaye yaro rana guda a kai shi gidan kaka. Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Ta ci gaba da ba shi, ta ƙara cin abinci, a yaye shi sannu sannu. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki in abu 3 sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma uwa ba ta ga al'ada ba. In ɗaya ya warware, ku je ke da maigida ku yi shawara da sajfam a kan tazarar haifuwa.

AIKIN SANTAR

Wasu ƴan cin rani suna dawowa da madarar gwangwani da bibaro, suna ganin gata ne. Tun 1981 ƙasashen duniya suka yi ƙa'idar hana tallar irin wannan madara ga uwaye, don yaran da ta kashe inda babu ruwa mai tsabta. Maraya ko wanda likita ya ce a ba shi, wannan dabam ne, kuma da kofi ake ba shi.

Ga lissafi. Jinjirin da ba ya shan nonon uwa yana buƙatar kusan kilo 20 na madarar jinjirai a wata 6 na farko. In gwangwani guda giram 400 ne, gwangwani nawa ke nan? Wanda zai je kasuwar Gazawa ko Agye ya tambayo kuɗin gwangwani guda, ku ninka. Sa'an nan ku duba tiya nawa ta hatsi kuɗin za su saya.

Ku tattauna da malaminku. A garinku, me ake fara ba jinjiri ran da aka haife shi, kuma wa yake ba shi? Mata nawa ne cikinku suka kwana a likita bayan haifuwa, nawa suka koma gida ran nan? In tsofuwar gidanku ta ɗauko moɗa za ta ba jinjiri ruwa, da waɗanne kalmomi za ku yi mata magana ba tare da ranta ya ɓaci ba? Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku, ku ba malamin santar ya aiko.